Mai keke ma gida zai koma

Ɗan ƙanwata ya karɓi adaidaita sahu haya, jiya ya ɗauko ni daga Sabon Gari. Muna isowa wata kwana sai ya sha gaban wani dattijo da ya ɗauro buhun alayyafo a bayan keke, ya karya dama ba ko sigina. Da ƙyar dattijon ya dafe ƙasa da ƙafa. Yaron har da leƙo kai: "Baba, titi fa ba gona ba ne!" Na ce, "Kai, tsaya in sauka." Jikina rawa yake.

Lokacin da nake jan bas, tun kafin gwamnatin Kano ta hana goyon acaɓa a 2013, irin wannan shan gaban na yi wa wani bawan Allah. Na wuce shi, na hango fasinja ya ɗaga hannu a bayan kwana, na karya sitiyari. Shi kuwa miƙewa zai yi. Gefen mota ya make shi, tayar baya ta hau keken, ƙafarsa tana ciki. Itace yake sayarwa, da keken nan yake ciyar da gidansa.

Na daɗe ina cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, har yau ma nakan faɗa. Kekensa ba birkin kirki, ba fitila, ga magariba ta kawo jiki. Mai mota yana jiran balas da dare, ka samu ko ba ka samu ba. Titin kuma ba a ware wa keke ko taku ɗaya ba, to ina ake so ya bi, ina ake so in bi? Sai dai na gan shi. Sarai na gan shi kafin in wuce, na ƙudura a raina cewa dole ya ja birki tunda shi ne ƙarami. Da tirela ce a wurin, wallahi da na jira. Mun biya kuɗin ɗori, ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba, keken ma bai sake hawa ba.

Na so in jero muku shawarwari, to amma ku 'yan yanzu wa yake saurare? Waya a kunne, kiɗa yana tashi, ɗan KAROTA, jami'in kula da titunan Kano, kawai kuke tsoro saboda tara. In za ka shiga kwana da mai keke a gabanka, zauna a bayansa har ya wuce. Kada ka yarda da madubi, akwai wurin da ba ya nunawa a gefen dama, juya wuyanka ka duba. Kada ka danna masa oda, firgita zai yi ya faɗo gabanka. Kai, danna ma, amma tun daga nesa, gara ya san kana tafe.

Ku ma samari masu keke ba ku tsira ba. Kuna bin hannun da ba naku ba, kuna kutsawa tsakanin babbar mota da kwalbati in danja ta tsayar, alhali direban yana can sama ba ya ganinku. A shataletale wanda ya riga shiga shi ke da hanya, keke ne ko mota. Hanyarka ce, kada ka bari a raina ka. Amma in ka ga direba bai rage gudu ba, bar masa, akwai irina da yawa a kan titi.