Ina jin rediyona a ɗaki, yayana ba ya ji

Ranar da na fara jin muryata tana fitowa daga wayata, na ɗauka aiki ya kammala. Na girka Icecast, manhajar da ke watsa sauti ga masu sauraro ta intanet, a wata tsohuwar kwamfuta da ta daɗe a ajiye, na haɗa ta da BUTT, manhajar da ke ɗaukar sauti daga makirufo ta miƙa wa Icecast, sannan na buɗe burawuza a waya na rubuta 192.168.1.23:8000/tasha. Bayan ɗan jinkiri na wasu daƙiƙoƙi sai ga sauti tangaram. Nan take na kwafi adireshin na tura wa yayana da ke wani gari.

Ba a yi minti biyar ba ya kira. "Kai, abin nan naka juyi kawai yake yi. Ko ni ne ban iya ba?"

"Yaya, ka sake gwadawa, a nan yana yi."

Wannan "a nan yana yi" ita ce ta ci min kwana tara. Adireshin da na tura masa na cikin gida ne. Duk wanda ya fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, an keɓe shi ne don amfanin cikin gida, kuma miliyoyin gidaje suna amfani da lambobi iri ɗaya. Tamkar ka ce wa baƙo "ɗaki na uku a dama" ba ka gaya masa ko wane gida ba ne. Lokacin da yayana ya buɗe adireshin, wayarsa neman lamba 23 take yi a nasa gidan.

Wannan kam na gane shi da wuri. Na shiga ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje, na kwafa, na ƙara :8000/tasha a ƙarshe, na sake turawa. Shiru. A nan na fahimci aikin rauta, na'urar da ke raba wa kayan gida intanet. Duk na'urorin gida suna fita intanet ne da adireshi ɗaya, kuma rauta tana riƙe da lissafin wanda ya nemi me, don ta mayar masa da amsa. Amma idan wani ya ƙwanƙwasa daga waje ba tare da an kira shi ba, ba ta san wa za ta miƙa wa ba, sai ta yi watsi da shi. Dole a gaya mata cewa duk wanda ya zo ƙofa mai lamba 8000, a kai shi wurin kwamfuta kaza. A shafin saitin wasu rautoci sunan wurin Port Forwarding, a tawa kuma Virtual Server aka rubuta, abin da ya sa na yi rabin sa'a ina zagaye. Na cike: ƙofar waje 8000, ƙofar ciki 8000, nau'i TCP, adireshi 192.168.1.23.

Bai yi ba. Washegari ma sai na tarar ko a cikin gida ya daina yi. An kashe rauta da dare an kunna, ta sake raba adireshi, kwamfutar ta koma lamba 27, ƙa'idar da na rubuta kuwa tana nuna lamba 23, wadda a ranar talabijin ce ta same ta. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sashen DHCP, mai raba adireshi, akwai inda ake ɗaure adireshi ga lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ta yadda kullum lamba ɗaya za ta samu. Sai dai a lura, kebul da Wi-Fi kowanne da tasa lambar MAC. Na ɗaure ta Wi-Fi, daga baya na sa kebul don sautin ya daina yankewa, sai da na sake ɗaurewa.

Daga nan na shiga abin da nake jin kunyar faɗa. Na kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya. Na sa kwamfutar a DMZ, wato na ce wa rauta duk wanda ya zo ta kowace ƙofa a tura mata shi. Na kunna UPnP, wanda ke barin manhajoji su buɗe wa kansu ƙofa a rauta. Na canza lambar ƙofa sau huɗu, har na daina tuna wadda ke cikin icecast.xml, fayil ɗin saitin Icecast, da wadda ke cikin rauta. Ina canza abu uku a lokaci ɗaya, in gwada, in sake canza uku. Da na tsaya na yi tunani, da na ga cewa tunda wayata tana ji ta Wi-Fi, to Icecast yana aiki, kuma da wuya katangar ta zama ita ce matsalar. Amma mai neman kuka da aka jefe shi da kashin awaki ba ya tsayawa lissafi.

A kwana na biyar ne idona ya kai kan wani layi a shafin farko na rauta, wanda na wuce ya fi sau hamsin: adireshin WAN, wato adireshin da rautar kanta ta samu daga sama. An rubuta 192.168.0.2. Adireshin cikin gida ne. Ashe akwatin da kamfanin intanet ya kafa min, wanda nake ɗauka modem ne kawai, shi ma rauta ne. Gidan zaure biyu gare shi, ni kuwa na buɗe na ciki na bar na waje a kulle. Hanya biyu ce: ko a mayar da akwatin kamfanin gada zalla, abin da saitin ke kira Bridge, ko a buɗe ƙofar a duka biyun, na waje ya miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa wa kwamfuta. Na bi ta biyu, don ban so in taɓa abin da zai yanke intanet ɗin gidan.

Na kira yayana da murna. Shiru dai. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Amma yanzu na san inda zan duba. Na buɗe shafin akwatin kamfanin, na ga nasa adireshin WAN ya fara da 100.72, alhali shafin da ke nuna adireshina na waje wata lamba dabam yake nunawa. Lambobin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 an ware su tun 2012 don abin da ake kira CGNAT. Adireshin IPv4, wato irin waɗannan masu lambobi huɗu, gaba ɗaya bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a 2011, don haka kamfanoni da yawa, musamman na layin waya, sukan tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Akwai zaure na uku ke nan, a can wurin kamfani, kuma makullinsa ba ya hannuna. Duk saitin da na kwana ina yi, ko daidai ne ko kuskure, babu wanda zai iya isowa gare shi. Wannan gwajin bai kai minti biyu ba: ka duba adireshin WAN na akwatin da layin kamfani ke shiga, ka kwatanta da adireshinka na waje. Idan ba su zo ɗaya ba, kada ka ɓata darenka a kan ƙofofi. Da shi ya kamata in fara.

Na kira kamfanin. Wanda ya fara ɗauka ya ce in kashe akwatin in kunna. Na ce, "Malam, intanet ɗina lafiya lau yake, adireshi na waje nake nema, nawa ni kaɗai." Ya ce in kashe in kunna. Sai a kira na uku na samu wata ma'aikaciya da ta gane da jin kalmar CGNAT, ta ce ana yi, amma da ƙarin kuɗi a wata. Na amince. Bayan kwana biyu adireshin WAN da na waje suka zama ɗaya.

Na zauna a gaban kwamfuta na rubuta sabon adireshin da :8000/tasha. Bai buɗe ba. Raina ya ɓaci sosai, har na fara shirya kalmomin da zan gaya wa kamfanin. Ina cikin haka waya ta yi ƙara.

"To ai ga shi ina jin ka. Wa kake zagi haka?"

Makirufo a buɗe yake, kuma na riga na tura masa sabon adireshin a saƙo. Abin da ya faru shi ne, wasu rautoci ba sa yarda na'urar cikin gida ta fita ta adireshin waje ta sake dawowa ciki. Daga waje komai na aiki, daga ciki kuwa kamar a mace. Tun daga ranar, in zan gwada, nakan kashe Wi-Fi a waya in kunna datar layi, don in zama baƙo na gaske. Gwajin cikin gida ya yaudare ni sau biyu, sau ɗaya ya ce min yana yi alhali ba ya yi, sau ɗaya ya ce ba ya yi alhali yana yi.

Na koma na gyara ɓarnar da na yi: na cire DMZ, na kashe UPnP, na mayar da katangar tsaro tare da ba wa ƙofa 8000 kaɗai izini. A nan na tuna ban taɓa canza kalmar sirrin Icecast ba. Wadda yake zuwa da ita "hackme" ce, a wurin mai aika sauti da wurin mai gudanarwa, kuma duk wanda ya taɓa girka shi ya san ta. Da na buɗe fayil ɗin da ke rubuta masu shigowa, na ga adireshin da ban sani ba sun riga sun fara leƙe, tun ban ba kowa adireshin ba sai mutum ɗaya. Na'urori ne masu yawo suna taɓa kowace ƙofa a intanet dare da rana.

Adireshin da aka ba ni yana canzawa lokaci zuwa lokaci, sai na yi rajistar suna a ɗaya daga cikin masu ba da DDNS, wato suna tsayayye da ke bin adireshin duk inda ya koma, rauta ta riƙa sanar da su duk lokacin da lambar ta sauya. Wannan bai ba ni wahala ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne saurin aikawa. Icecast yana tura wa kowane mai sauraro nasa kwafin ne. Ina watsawa a kilobit 128, saurin aikawar layina kuwa bai wuce megabit 5 ba. Mutum 30 sun cinye megabit 3.84. A shiri na uku muka kai wannan adadin, wani a gida ya fara kiran bidiyo, sauti ya dinga tsinkewa ga kowa. Na sauke zuwa 64, wanda ya ishi hira sarai, na samu sarari. Amma duk ɗaukewar wuta ko katsewar layi tana kashe tashar, kuma ban ji daɗin cewa kowane mai sauraro yana ƙwanƙwasa ƙofar gidana kai tsaye ba.

Bayan wata biyu na yi hayar ƙaramar sabar a waje, wato kwamfutar wani kamfani da ke kan intanet dare da rana, na mayar da Icecast can. Yanzu BUTT yana tura kwafi ɗaya tak daga ɗakina zuwa sabar, ita kuma ta raba wa masu sauraro. Haɗin fita ne, don haka ba ya buƙatar a buɗe ko ƙofa ɗaya, kuma ko a bayan CGNAT zai yi aiki. Na shiga rauta na goge ƙa'idar 8000 da na kwana tara a kanta, na kira kamfanin na ce su karɓi adireshinsu. Wanda ya ɗauka ya ce in fara kashe akwatin in kunna.