Wa ke riƙe da muciya?

Talata, da dare, Bauchi

Sai yanzu na samu zama. Tun bayan sallar asuba muka fita da Baba cikin hazo, bai sa komai a bakinsa ba saboda gwajin jini, ni kuma ina riƙe da leda cike da magungunansa. Sun ce a zo da duk abin da yake sha, har wanda ba likita ne ya rubuta ba, don haka na haɗa da garin nan mai ɗaci da wani abokinsa ya kawo masa. Ya harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Talata ce ranar masu ciwon suga a asibitin da aka tura mu. Mun tarar da benci ya cika, har da waɗanda suka taso daga Darazo da Alkaleri. Jiran ba daɗi, kuɗin gwaji kuma ya fi abin da na tanada. Wannan ke nan.

Da, in Baba ya je ganin likita, minti kaɗan ne: a auna, a ƙara ƙwaya, a ce a rage zaƙi. A nan kuwa fayil ɗaya ne ke yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya duba ɓangarensa ya rubuta, likitan da ya ƙware kan ciwon shi ne na ƙarshe, ya karanta abin da duk suka rubuta kafin ya ce uffan.

Nas muka fara gani. Bayan awon hawan jini da nauyi sai ta ce, "Baba, a cire takalma da safa." Ya ce, "'Yata, ai ba ƙafa ce ta kawo ni ba." Ta yi dariya ta ce ta sani. Ta ɗauko wani siririn zare na roba mai ɗan tauri, ta sa ya rufe ido, tana dangwala masa a tafin ƙafa, in ya ji ya ce ya ji. A ƙafar hagu, ƙarƙashin babban yatsa, ta dangwala har zaren ya lanƙwashe, Baba shiru, yana jira a fara. Gabana ya faɗi.

Ta yi mana bayani a hankali. Suga in ya daɗe da yawa a jini yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, daga yatsun ƙafa yake farawa. Mutum sai ya taka ƙusa ko ƙaya bai sani ba, ciwon ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa wurin sosai, daga nan sai gyambo, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. Ta tambayi wa ke yanke masa farce. Masu yawo da almakashi ne, a ƙofar gida. Ta ce a daina. Ta tambaya ko yana jin ɗumi da garwashi a wannan sanyin. Kullum kaskon na gaban ƙafarsa! Ta ce ƙafar da ba ta jin zaren nan ba za ta ji ƙuna ba sai ta tashi. Sauran: a duba ƙafar kowace rana, a shafa mai a fason dunduniya amma ban da tsakanin yatsu, a tsane tsakanin yatsun bayan alwala, kada ya fita ko tsakar gida ba takalmi, kuma ya zazzage takalmin kafin ya sa.

Wurin likitan ido ba mu daɗe ba. An ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido aka leƙa can ciki, aka ce a dawo duk shekara ko da yana gani garau, don ɓarnar kan yi nisa kafin gani ya ragu. Fitsari ma an karɓa, don a ga ko ƙoda ta fara yoyon sinadarin furotin.

Inda aka yi dogon zama shi ne wurin malamar abinci. Tambayarta ta farko ba ga Baba ta yi ba, ni ta kalla ta ce, "Wa ke riƙe da muciya a gidanku?" Na ce Umma. Ta ce to zuwa na gaba da Hajiya za a zo, don duk abin da aka tsara a ɗakin nan, a tukunyarta zai tabbata ko ya rushe. Wannan maganar ta zauna min. Shekara da shekaru ana yi wa Baba faɗa kan abinci, alhali bai taɓa ɗora tukunya ba.

Na yi ta jiran ta yaba mana, tunda mun daɗe da komawa tuwon alkama da acha. Sai ta ce alkama ma sitaci ce, acha ma haka, malmala biyu ta alkama za ta ɗaga suga yadda ta masara za ta ɗaga. Yawan shi ne magana. Ta zana faranti a takarda: rabi ganye, zogale ko rama ko alayyahu ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama ko ƙwai, ragowar tuwo ko shinkafa. Zuma kuma, da Baba ke zubawa a shayi yana cewa ai waraka ce, ta ce ba ta ja da darajarta, amma a jini zaƙi ne. Baba ya gyara zama ya ce, "To masa fa? Mutumin Bauchi ne ni." Suka yi ciniki kamar a kasuwar Muda Lawal, aka tsaya a kan biyu ranar Juma'a, da miya, ban da suga.

Likita ya kira mu bayan azahar. Ya ce gwajin da suke rubutawa HbA1c yana nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, saboda haka ba a yi masa wayo da azumin kwana ɗaya. Ga yawancin manya ana so ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Na Baba ya haura 9. Ya karanta rubutun nas kan ƙafa, ya ɗaga ƙullin garin nan ya ce tunda ba wanda ya san abin da ke ciki, a ajiye shi. Ƙwayar metformin za ta ci gaba, amma za a ƙara allurar insulin da dare.

Baba ya ce ya ji ana cewa in aka kai ga allura to an zo ƙarshe. Likita bai katse shi ba. Da ya gama, ya ce insulin abu ne da jikin kowa ke yi don daidaita suga a jini, nasa ne ya gaza, kuma tun 1922 ake yi wa mutane ita, bayan an gano ta a Kanada a 1921. Waɗanda aka gani sun rasu bayan fara allura, yawanci jinkirin farawa ne ya ci su. Ya ƙara da cewa kafin watan azumi a dawo a zauna, kada a yanke shawara a gida.

Mai ba da magani ne ya koya min sokawa a fatar ciki, da canza wuri kullum. Insulin ɗin da ba a buɗe ba a firiji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare. Wadda aka buɗe tana kai kusan mako 4 in an kare ta daga zafi. Na ce masa wutar unguwarmu sai an ga dama. Ya ce a sa ta cikin leda a ƙulle, a ajiye a ƙaramin tulu da aka binne cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ya kuma ja kunnena kan saukar suga: rawar jiki, gumi, jiri, yunwa. In awo ya nuna ƙasa da 70 a na'urarmu ta gida, a ba shi suga cokalin shayi 3 zuwa 4 cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. A nan ne ma na gane dalilin da na'urarmu ta gida ke nuna 180 ta asibiti ta nuna 10: ma'auni biyu ne, da 18 ake rabawa.

Da muka dawo na kwashe komai na faɗa wa Umma. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ba za ta riƙa tuwo biyu a gida ɗaya ba, kowa ya ci irin na Malam. Ƙannena sun ɓata rai. Ni dai na fi son haka. Zuwa asibitin kuma ta ce za ta je, tana da tambayoyinta kan kunu da fura.

Ƙarfe 9 na yi masa allurar farko. Hannuna ya yi rawa, shi kuwa cewa ya yi, "Har an gama?" Kaskon na kwashe shi na kai ɗakin girki, gobe zan shiga kasuwar Wunti in nemo masa safa mai kauri da takalmi mai rufi. Yaya ya kira daga Abuja ya ce tsinkayen gwajin suga na kowane wata a wuyansa. Na rubuta a nan don kada wata rana ya ce bai faɗa ba.