Ƙaramar sifika mai baki biyu, aikin hannu daga Garwa

Shagona a Garwa, a arewacin Kamaru, ɗan ƙarami ne, ni da yara biyu masu koyon aiki. Abin da muka fi haɗawa shi ne sifikar ɗaki mai baki biyu: wufa mai inci 6 da rabi a ƙasa don kaurin sauti, tuwita a sama don siririnsa. Yawancin kayan daga Najeriya suke shigo mana ta Mubi ko Yola, wasu kuma daga Duwala.

Tambayar farko daga mai saye ita ce, "Malam, wat nawa ce?" Ni kuwa sai in ce, "Alhaji, zauna ka ji tukuna." Lambar wat tana nuna ƙarfin da sifika za ta iya jurewa ne kawai. Daɗin sauti kuwa yana wajen akwati da kuma filta mai raba sauti.

Akwatin da filawud mai kaurin milimita 18 nake yi, cikinsa wajen lita 12 zuwa 15. Ba na son katakon garin katako da aka matse, domin da damina ta kama sai ya sha laima ya kumbura. Kowace mahaɗa gam da sukuru, sannan katako guda a tsakiya ya dafe bangon biyu kada su riƙa rawa, a shimfiɗa auduga a ciki. Idan akwatin rufaffe ne, nakan danna takardar wufar a hankali da yatsu in saki. In ta dawo sannu a hankali, iska ba ta yoyo. In ta yi tsalle nan take, akwai kafa, sai mun neme ta.

Filta ce na fi ɓata lokaci a kanta. Ga baki mai om 8 (ma'aunin turjiyar wuta), ina raba sautin a wajen haz 3000 (ma'aunin kauri ko sirantar sauti): kondansa mai maikurofarad 6.8 kafin tuwita don ta tare kaurin sauti, sai naɗin wayar tagulla wajen milihenri 0.4, wanda muke naɗawa da hannu, kafin wufa don ya tare siririn sauti. Da yawa daga cikin na kasuwa kondansa ɗaya tal suke sa wa, su bar wufa tana ihun abin da ba nata ba, shi ya sa kunne ke gajiya. Tuwita ta fi wufa kaifi, don haka nakan sa mata rizista, mai rage ƙarfin wuta, ta sassauta.

Tuwitocin da ake kawo mini a ƙone, galibi ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ce aka murɗe har ƙarshe, sautin ya tsage, siririyar wayar ciki ta gasu. A Maris da Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, abin ya fi yawa.

Kafin sifika ta bar shago, da muryar mai karatu nake gwada ta, ba da kiɗa ba, don ganga tana rufa asirin aibi. In "sin" da "shin" sun fita daban, kuma muryar ba ta toshe ba, sai mu sa yadin gaba saboda ƙurar hunturu, mu kira mai ita.