Laraba, jikka da dala arba'in

Wuta ta dawo wajen asuba, na samu na yi guga kafin ta sake ɗaukewa. Makaranta lafiya lau, sai dai ƴan ajina sun cinye mini murya.

Yaya ya iso daga Yamai jiya da dare, yau ya ce lalle sai mun fita da Inna cin abinci, wai ta gaji da tuwon gida. Inna ba ta ce ta gaji ba, amma mayafin zuwa biki ta ɗauko. Muka je wani sabon wuri can wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, mai sanyi da kujeru masu laushi. Tun a hanya na ce ni zan biya. Albashi ya shigo, kuma wanda ya sha hanya ba a barinsa ya taɓa aljihu.

Na duba takardar farashi da kyau kafin mu zaɓa. Gasasshen zabo jikka huɗu, muka ce biyu. Shinkafa, soyayyen dankali, lemo, ruwa. Na haɗa a kaina, jikka goma sha biyu cif. Zabon kam ba zan ci haƙƙinsa ba, yaji ya ratsa shi har ƙashi, Inna ta yi shiru tana aiki da hannu biyu.

Sai yaron ya kawo faktir a ɗan faranti. 13.200. Ƙasa da jimla an ƙara layi guda da ƙananan baƙaƙe, sarbis, kashi 10.

Na ce, "Ƙanena, wannan jikka da dala arba'in fa?"

"Hajiya, kuɗin hidima ne."

"Ba su cikin takardar da ka ba mu."

"Haka ake yi, Hajiya."

"To naku ne? Ku masu kawo abinci?"

Ya waiga wajen kanta, ya gyara farantin da ba ya bukatar gyara, ya rage murya. "Mu dai albashinmu muke gani ƙarshen wata."

Tsabar da ke jakata 12.500 ce. Na ce in tura ta waya, ya ce sai an ɗora kuɗin cirewa. Yaya ya zaro katin banki, aka ce na'urar ma tana da nata, kashi 2. Ƙarshenta dai Yaya ya laluba ya cika dala ɗari da arba'in yana dariya. Inna kuwa ta kwance bakin zanenta a hankali, ta ciro dala ɗari, ta danƙa wa yaron a tafin hannu ta rufe masa yatsu. "Wannan naka ne, kada ka kai kanta."

A mota muka yi ta ja da Yaya. Shi a ganinsa ƙauyanci nake yi. Ya ce a Amurka mai cin abinci kan bar kashi 15 zuwa 20 na tukuici, ba mai ɗaga murya. Na ce can kowa ya san da maganar tun kafin ya zauna, kuma don mai hidimar ake bayarwa. Tunda ƙetare za mu je, a Faransa farashin da ke rubuce shi ake biya, da haraji da hidima duk a ciki, kuma tun 2018 Tarayyar Turai ta hana ɗora wa mai saye ƙari don ya biya da katinsa na yau da kullum. Ya ce banki na yankar nasa a kowane biyan kati, ga haya, ga gas, ga man janareto. Ban musa ba, gaskiya ce. To a rubuta zabo 4.400 mana. In na gani na zauna, ruwana. In ya fi ƙarfina, mai balangu na bakin hanya bai kore ni ba.

Haraji daban ne. TVA kashi 19 da muke gani a takardun manyan kantuna na san baitulmali za ta, ko ina so ko ba na so. Masu POS na Jibiya da Katsina ma, lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da suka tsawwala wa mutane, sai sun faɗa maka nawa za su cira kafin ka miƙa kati. A babbar kasuwa in ciniki ya faɗa ya faɗa, abin da ke biyo baya gyara ce daga mai sayarwa, ɗan tumatir biyu a saman kashi. Yau sai da abinci ya shiga ciki, ba halin maidowa, sannan aka buɗe sabon ciniki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yaron. Duk wanda ya ga layin nan zai ɗauka ya riga ya sallame shi, ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Da sunansa ake karɓa, kuma saboda haka ne yake rasa ɗan abin da a da ake ba shi.

La'asar, gyaran takardun jarrabawa. Auta ya ɓatar da takalmi ƙafa guda, har yanzu ana nema.

Inna ta kira bayan isha'i. Ita ba sarbis ne ya dame ta ba, sai yanzu ta ji cewa zabo ɗaya jikka huɗu ne. Ta ce in faɗa wa Yaya ranar Juma'a ya saya mata masu rai guda biyu, ta gasa mana da kanta.