Godiya ga waɗanda suka riƙe mini yaro a daminar bana

Assalamu alaikum ƴan uwa. Oktoba ta shigo, yara sun koma lakwal, ni ma na samu na zauna. Bari in sauke wani nauyi da nake ɗauke da shi tun watan Yuli.

Waɗanda suka san ni sun san a gidan likita nake aiki, kuma damina ce lokacin da ba mu da kanmu. Daga Yuli zuwa Oktoba ake bi gida-gida ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa wata 59, kowane wata sau ɗaya. Bana aka sa ni cikin masu bin sawun ƴan rabo a ƙauyukan wajen Mirya. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne kawai, amma duk wanda ya taɓa shiga hanyar gona bayan an yi ruwa ya san lissafin ba haka yake ba. Fita ƙarfe 6 na safe, dawowa sai bayan magariba.

Na yi shirina tsaf. Jardan ɗin da nake kai yarona ta rufe tun ƙarshen Yuni, amma ɗiyar yayata da ke karatu a wurina ita ma tana hutu, na ce shi ke nan, ta riƙe shi. Ran Alhamis da dare babanta ya bugo salula: yayata ta haihu, ga noman farko ya kama, gida ba kowa. Me zan ce? Juma'a da safe na sa ta a motar Matamaye da ɗan kayan barka, ni kuma Litinin zan fara fita. Maigida yana hanyar Agadas. Uwar mijina a Garin Malam tana fama da gwiwa, yaro ɗan shekara 2 da rabi kuwa ba ya zama wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido.

Asabar na goya shi muka hau kabu-kabu muka zaga gari. Wuri na farko sun ce sun cika. Na biyu ƙarfe 1 na rana suke tashi, ni kuwa a lokacin ina can cikin gero ko wayata ba ta shiga. Na dawo gida da ciwon kai. Da dare na cire kunya na yi saƙon murya a rukunin adashinmu na WhatsApp, har muryata tana rawa.

Lahadi da hantsi sai ga sallama. Inna mai waina ce, wadda gidanta ke bakin lungunmu a nan Zango. Ita ba ta riƙe irin wannan salula, jikarta ce ta kunna mata saƙon. Ko zama ba ta yi ba ta ce, “Ke ɗiyata, ina nan ƙofa uku da ke, kike yawo da yaro a kan babur cikin rana? Gobe ki miƙo shi. Ɗa na kowa ne.” Wallahi kunya ta kama ni. Shekara 6 muna lungu ɗaya, tsakanina da ita gaisuwa ce da sayen waina.

Na kai mata jaka 15 a matsayin kuɗin wata, ta tura mini abuna da bayan hannu, ta ce kar in sake. Da na rasa yadda zan yi, sai na tuna abin da ba a mayarwa a Damagaram. Na yi magana da mai garuwa, kullum ya ajiye mata jarka 2 na ruwa in biya. Famfon lungunmu ko cikin damina sai ya ga dama yake kawowa. Wannan kam ta karɓa, tana ta faɗa wai na cika rigima.

Ranar farko ya yi kuka har na kai bakin titi ina jin sa. Kwana uku bayan nan na leƙa da asuba na tarar ta ba shi kujera ƴar tsuguno nesa kaɗan da tanda, ta ja layi da gawayi a ƙasa ta ce wuta tana bayan layin nan, shi kuma yana nan. Duk wainar da ta fashe tasa ce. Kafin wata ya ƙare ya iya yi wa masu saye “sannu da zuwa”. A Agusta akwai ranar da na zo ɗaukarsa ya ɓuya bayan zanenta. Na yi dariya a gabanta, amma abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar maganin. Na kwana 3 ne: na ranar farko ƴan rabo suke bayarwa da hannunsu su ga an haɗiye, na sauran kwana 2 a bar wa uwa. A nan ake samun matsala, don yana da ɗaci, in yaro ya tofar sai uwa ta haƙura ta tura sauran ƙarƙashin katifa. Wannan nake yini ina yi wa matan ƙauye magana a kai, alhali nawa ɗan ba ni ce ke ba shi ba. A gidan Inna ƴan rabo suka same shi, suka ƙirga shi cikin yaran gidan, suka sa alli a ƙofarta. Ita ta ba shi na rana ta biyu da ta uku, zagaye 4 ba fashi, katinsa yana cikin kwanon da take ajiye ciniki. Daminar nan kaf ko sau ɗaya bai kwanta zazzaɓi ba, alhamdu lillahi.

Akwai kuma daren da ruwa ya tsare mu, motarmu ta kafe a laka, ban shigo gari ba sai wajen ƙarfe 11, ga kuran ya ɗauke. Na buga ƙofa jikina sharkaf. Ta haska mini shi da tocila, yana barci cikin gidan sauro tsakanin jikokinta, ta ce, “Bar shi sai da safe, je ki sauya kaya.”

Inna, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya kai ki Makka, ya jiƙan magabatanki. Jikarki da ta yi ta goyo da wanki, Allah ya ba ta sa'ar karatu. Matan adashinmu da suka karɓe shi bi da bi makon da Inna ta tafi biki Magariya, na gode, Allah ya bar zumunci. Ƙanena mai kabu-kabu da ke jirana da asuba ko ana yayyafi, Allah ya tsare hanya. Abokiyar aikina da ta yi ta musanya kwanan dare da ni ba ta taɓa ɓata fuska ba, Allah ya saka da alheri.

Ɗiyar yayata ta dawo, jardan ma ta buɗe. Yau da safe na sa masa sabuwar rigar makaranta, ya ƙi hawa babur sai da muka biya ya nuna wa Inna. Ta juya shi gaba da baya, ta ƙulle masa waina biyu a leda, muka isa an riga an rufe ƙofa.