Shirin Zuwa Zariya

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau dai magana ta tsaya. Zariya za mu je, Juma'ar sama in Allah ya kai mu, mu juyo Lahadi kafin la'asar. Ni na dage a kan haka, domin mu mutanen Kano mun mai da garin nan hanyar wucewa. A bar Kwanar Ɗangora, a wuce Tashar Yari, a hau gadar Kwangila, kafin ka ankara an bar Ɗan Magaji a baya an miƙi hanyar Kaduna. Sai ka ji mutum yana cewa ya san Zariya, alhali ko Ƙofar Doka bai taɓa shiga ba.

Da safe wajen karin kumallo maigida ya zaro takarda daga aljihu, ashe shi ma ya kwana da abin a ransa. Ya jero Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da Kwalejin Barewa, da Gidan Gaskiya, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, da hawan dutsen Kufena, wai in lokaci ya ragu mu leƙa Kaduna. Na ce, "Haba Abban yara, wannan ai rabon katin biki ne, a tsaya ƙofar gida a miƙa a wuce." Ya ce to me nake so? Na ce a ba ni cikin birni, a ba ni Wusasa, a bar ni in ci fate a inda aka iya shi. Sauran in an samu sarari, to, in ba a samu ba Zariya ba gudu za ta yi ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ninke takardarsa ya fita aiki.

Abin da ke jan zuciyata shi ne ginin ƙasa, kuma shi ne abin da ba ya jiran kowa. Tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya ishe mu misali. A shekarun 1830 aka gina shi, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda duniya ta sani da Babban Gwani. Daga baya, a shekarun 1970, aka kewaye shi da sabon ginin siminti, tsohon ya zauna a ciki. Ina yarinya mijin Gwaggo ya taɓa shiga da mu da hantsi, lokacin babu jama'a. Abin da ban manta ba shi ne sanyin wurin, da kaurin ginshiƙan da aka yi wa zane tun daga ƙasa, da yadda bakan gizo ke tasowa daga jikinsu ya je ya haɗu da ɗan'uwansa can sama. Wuyana har ya gaji don kallon rufi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar wani sashe na masallacin ya rufta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Ranar na yi kuka biyu, na mutanen da na ginin. Akwai kwafinsa da aka yi a gidan tarihi na Jos, a sashen gine-ginen gargajiya, amma kwafi daban, wurin da aka shekara kusan ɗari biyu ana sujada daban. Abin da na gani da idona yarana ba za su gan shi yadda yake ba, shi ya sa nake gaggawar su ga waɗanda suka rage.

Da rana babbar 'yata ta dawo daga makaranta, ita ce mai cewa zanen gine-gine za ta karanta. Ta tambaye ni, "Umma, wai ta yaya ƙasa zalla take tsayawa a sama babu rodi?" Na jawo bayan kalanda na zana mata iya abin da na koya a bakin magina. Ba ƙasa zalla ba ce. Tubali ake fara yi, a mulmula shi da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya ya bushe, a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ƙashin ginin kuwa azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya, ita gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ɗaya ba ta iya haye ɗaki mai faɗi, sai a kafa ta a jikin bango ta ɗan turo kai ciki, a ɗora wata a kanta a ɗaure ta ƙara turowa, daga wancan bangon ma haka, har su gamu a tsakiya. A lulluɓe da ƙasa, shi ne bakan gizo. In aka gicciya su aka rufe sama, an sami ɗaurin guga. Daga waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame, a fitar da indararo, a ɗora zankwaye a kusurwa. Ta yi shiru tana kallon zanen, can ta ce ita fa za ta tafi da littafin zanenta. Na ce ta haɗa da fensir mai kyau, kuma duk zauren da muka shiga ta fara ɗaga kai kafin ta ɗaga waya.

Wannan ne ma dalilin da ya sa na zaɓi yanzu. Damina ta ɗauke, masu hali sun yi wa gidajensu yaɓe, hazo bai kankama ba balle ya dushe zanen bango.

Bayan la'asar na kira Gwaggo.

"Gwaggo, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau 'yar nan. Yau an tuna da mu ke nan?"

Da na gaya mata muna tafe har da yara, sai da ta yi guɗa a waya. Na fara maganar masauki a Sabon Gari, ta katse ni. Ta ce in dai tana numfashi babu jininta da zai zo Zazzau ya kwana a otal, ɗakin soro yana nan, za a share a yi turare. Ban yi musu ba, don dama haka nake so. Wanda ya kwana a wajen ganuwa baƙo ne, da rana zai shigo ya fita. Ni kuwa so nake asuba ta same mu a cikin birni, mu ji kiran salla daga masallatan unguwa, yara su fita sayen ƙosai su ga lungunan da idonsu.

Sai zancen fate. Mu Kanawa mun daɗe muna tsokanar Zage-zagi da shi, wasa ne na kaka da kakanni, amma maganar gaskiya ban taɓa cin wanda ya kama ƙafar na Gwaggo ba. Na ce ta faɗa min sirrin, ta ce babu wani sirri sai haƙuri. Tsakin masara take so mai ɗan gari-gari, a wanke shi a tsame. Wake ya fara nuna tukuna, da daddawa da albasa da attaruhu, sannan a zuba dakakkiyar gyaɗa. Tsakin a hankali ake barbaɗa shi ana juyawa don kada ya yi gudaji. Yakuwa da alayyafo da gauta su ne na ƙarshe, don ganye ya fito da launinsa, tsamin yakuwa kuma ya tsaya daidai. Ta ce ranar Asabar da rana za a yi, kuma 'yata ce za ta riƙe muciya.

Da daddare maigida ya dawo da takardarsa, ya soke fiye da rabi da kansa. Ga yadda muka tsara. Mu bar Kano da hantsi ranar Juma'a, tafiyar wajen kilomita 150 ce, ba ma son dare ya same mu a hanya ko a zuwa ko a dawowa. Bayan an sauko daga masallaci mu tsaya ƙofar fada, yara su ga adon da ke jikinta da dogarai cikin ja da kore. Da yamma mu zaga ƙofofi, Kuyambana da Gayan da Kona, mu ga abin da ya saura na ganuwa. Asabar da safe unguwar Babban Gwani, daga nan shi yana son a kai shi wurin masu ɗinkin hannu, domin ya daɗe yana burin babbar riga mai aska takwas, kuma aikin allurar birnin Zariya sananne ne.

Asabar da yamma Wusasa. Akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929, da ƙasa da azara, bisa tsarin ginin Hausa. Ƙaramin ɗana ya yi mamaki da ya ji coci za mu je kallo. Na ce masa hannun maginan ƙasar nan ne ya yi shi, kuma a garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Za mu yi sallama mu nemi izini wurin masu kula da shi, shi ya sa ma na kauce wa Lahadi, ranar ibadarsu. Daga can dutsen Kufena yana kusa, ko ba mu hau ba za mu gan shi da hasken yamma.

Samaru ta samu safiyar Lahadi. Jami'ar tun 1962 take, kuma 'yata na son ganin sashen da take mafarkin shiga, da filin sassaƙe-sassaƙen ɗaliban zane. Wannan kam na yarda da shi da zuciya ɗaya. A hanyar dawowa in mun ga rake da mazarƙwaila mu tsaya, yankin Maƙarfi ba a raba shi da su.

Gobe maigida zai kai mota wurin bakanike a duba taya da birki. Ni kuma zan shiga kasuwa neman tsarabar Gwaggo: turaren wuta, atamfa turmi ɗaya, da alkaki. Gurasa sai ranar tafiya da sassafe, don ta isa da laushinta.