Ni da hannun jarin Rolls-Royce

Shekara 11 ke nan ina tuƙa tasi a Derby ta Ingila, kuma yawancin fasinjojina na asuba Sinfin suke nufa, inda Rolls-Royce ke harhaɗa injinan manyan jiragen sama. A ƙarshen 2019 na kwashi fam 3,000 daga kuɗin ginin da nake tarawa na sayi hannun jarinsu. Gani nake na san kamfanin, tunda kullum ina bakin ƙofarsa. Na ma san motocin alfarmar nan ba nasu ba ne, an raba gari tun 1973, yanzu BMW ke ƙera su. Ta inda kuɗi ke shigo musu ne ban taɓa tambaya ba.

Sai ga korona. Jirage suka tsaya cak. A watan Mayun 2020 aka ce za a sallami ma'aikata 9,000, a Oktoba kuma kamfanin ya nemi fam biliyan 2 daga masu hannun jari, yana ba da sabon hannu a kan kwabo 32 na Ingila (kwabo 100 ne fam ɗaya). Ina fakin a gaban gida, injin mota a kashe, waya a hannu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Amina, ka bari gari ya waye." Ban bari ba, na sayar duka. Abin da ya dawo hannuna bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar ne ya buɗe min ido, ranar da na kai shi asibiti. Ya ce sabon inji kusan ba riba ake sayar da shi, wani lokaci ma da asara. Kuɗin na cikin yarjejeniyar TotalCare: kamfanin jirgi yana biya gwargwadon awannin da injin ya yi a sama, su kuma gyara na wuyansu. Nan take na tuna mai A Daidaita Sahu da balas ɗinsa. Ranar da keke bai fita ba, mai shi ba ya ganin ko sisi, amma keken na nan. Ni kuwa a ranar rashin fita na sayar da nawa.

Ya kuma ba ni labarin 1971, lokacin da kuɗin ƙera injin RB211 na jirgin TriStar ya durƙusar da kamfanin har gwamnatin Edward Heath ta karɓe shi. Sai 1987 gwamnatin Thatcher ta mayar da shi kasuwa. Wannan injin da ya kayar da su shi ne ya haifi jerin injinan Trent da ke ciyar da su yau. A wannan sana'ar, shekara da shekaru ake zuba kuɗi kafin a ga amfani.

A Janairun 2023 Tufan Erginbilgiç, wanda ya daɗe yana aiki a kamfanin mai na BP, ya karɓi shugabancin Rolls-Royce. Ya rage ma'aikata, ya sake zama da kamfanonin jirage kan farashin gyara. Na koma na sayi kaɗan a shekarar, da kuɗin da ba na gini ba. A 2025 hannu ɗaya ya haura fam 10, aka kuma dawo da rabon riba. Na rage asara sosai, amma har yau in na tuna kwabo 32 sai zuciyata ta sosu.

Yanzu fa ya yi tsada, shi ya sa ban ƙara ba. Gaskiya ne duk jirgin A350 da injin Trent XWB yake tashi, amma a kasuwar jirage irin A320 da 737, inda ciniki ya fi yawa, ba su da inji; CFM da Pratt & Whitney ke cin kasuwar. Ƙananan tashoshin nukiliyar da gwamnatin Birtaniya ta zaɓe su su gina a 2025, ko ɗaya ba ta fara ba da wuta ba.

Akwai kuma abin da ya fi farashi damuna. A Raynesway, nan cikin Derby, suke aikin injin nukiliya na jiragen yaƙin ƙarƙashin teku. Na kai maganar wurin malaminmu bayan sallar Juma'a, ya ce in kawo masa rahoton shekara ya ga kason kuɗin da ke fitowa daga kayan yaƙi. Na buga shafukan, suna cikin aljihun ƙofar mota, Juma'a mai zuwa zan kai masa.